Filin Masu Mota: Yumɓun Mota Kafin Man Goge Fenti

Wannan watan maganarmu da dillalan motocin Kwatano ce, da direbobin tasi, da samarinmu masu wankin mota.

Motar da ta sha zama a jirgin ruwa da tasha, ko ta sha hanya, ko an wanke ta tas za ka ji fentinta da kaushi. Gwajin ba wuya: sa hannunka cikin leda marar kauri ka shafa bonet. In ka ji tamkar rairayi, to ƙurar ƙarfen birki ce, da kwalta, da ƙaron itace, da feshin fenti suka maƙale. Sabulu ba ya fitar da su. Wanda ya ɗora injin goge a haka, tsakuwar yake jujjuyawa a kan fenti. Ga shi kuwa fatar sama mai ƙyalli ba ta kai kaurin takarda ba. In ta cinye, sai dai a sake fenti, kuma mai saye da ya ga sabon fenti zai ce motar ta yi hatsari, ya rage kuɗi.

Maganin abin shi ne yumɓun mota, wanda 'yan kanti ke kira kile-ba. A Japan aka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwar Amurka a shekarun 1990. Amma a kula, suna kawai ya tara da yumɓun maginan tukwane. Wannan haɗin roba ne mai laushi da gari mai matuƙar taushi a ciki. Kada wani ya ɗebo na bakin rafi, zai yi wa mota zane.

Ga yadda ake yi. A wanke mota da sabulun mota, a kai ta inuwa har ƙarfen ya huce. A gutsuri yumɓun, a murza shi ya yi faɗi kamar masa. A fesa ruwan santsin da ake sayarwa tare da shi a wurin da bai wuce kamu uku ba, sannan a riƙa zamar da shi gaba da baya, ba dannawa. Da fari zai riƙa cijewa. In ya tafi sumul, wurin ya fita, sai a share da tsumma mai laushi. Duk sa'ad da fuskarsa ta yi datti a ninke shi. A fara daga rufi, a ƙare da gefen tayoyi inda datti ya fi yawa.

Abu uku kada a manta. In ya faɗi ƙasa, a yar da shi, don ya kwashi yashi, shi ya sa ake gutsura kaɗan-kaɗan. Na biyu, ba ya gusar da ƙarzuwa, wannan aikin man goge ne. Na uku, yana cire tsohon kakin da ke kare fenti, saboda haka bayan goge a shafa sabo ran nan.

Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, musamman bayan ƙurar hunturu ta lafa. Rigakafi dai ya fi magani. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.