Masu Cewa Gara Wikki Ta Mutu

Akwai maganar da ta samu gindin zama a bakin masu hirar ƙwallo a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi tun 2023, shekarar da Wikki Tourists ta faɗo daga gasar Firimiya ta Najeriya, kuma dawowar da ƙungiyar ta yi a 2025 ba ta kashe maganar ba. Maganar ita ce, ƙungiyar da ta faɗa 'yan dagaji kuma aljihunta ya bushe ba ta cancanci tausayin kowa ba: ita ta jawo wa kanta, dama cin kuɗin gwamnati kawai take yi, gara a rufe ta kowa ya huta. Kasuwar ta tara mutane iri-iri. Ga Bakano mai shago da ba ya jin kira sai na Pillars, ga mutumin Gombe, ga direban da ya sauko da dankali da kabeji daga Jos yana kurin Plateau United, ga kuma babbar rundunar da ba ruwanta da ƙwallon gida, 'yan Arsenal da Madrid da Barcelona. Waɗannan mutane ba sa haɗuwa a kan komai, amma a kan wannan bakinsu ɗaya. Ni kuwa ina ganin sun yi kuskure, kuskuren da su ma yake ci.

Ba tsiyar nake ƙi ba. Ƙwallon da ba tsiya lami ne, kuma wanda ƙungiyarsa ta faɗi dole ya haƙura da shan ba'a daga teburin mai shayi har bakin tasha. Amma mun san ƙa'idar wasa tun kafin ƙwallo ta zo ƙasar nan. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, kowa na yi wa ɗan'uwansa tsiya son ransa, sai dai ba a taɓa jin abokin wasa ya yi wa abokin wasansa fatan ƙarewa ba, don in ya ƙare wasan ma ya ƙare. Cewa "mun ci ku, ku tafi ku huta" daban, tafa hannu don an ji 'yan wasa sun yi watanni ba albashi daban.

Masu cewa ƙungiya ita ta jawo wa kanta suna magana kamar ƙungiya mutum ɗaya ce da ya yi almubazzaranci ya ga sakayya. Wikki mallakar gwamnatin Jihar Bauchi ce, kamar yadda Pillars take ta Kano, Katsina United ta Katsina, El-Kanemi Warriors ta Borno, Gombe United ta Gombe. Gwamnati ke naɗa shugabanni, gwamnati ke sakin kuɗi, kuma a irin wannan tsari idan aka faɗi abin da aka saba gani shi ne a rusa hukumar gudanarwa a naɗa wata. Shugaban da aka sauke ya koma gidansa da sana'arsa ko siyasarsa, ba wanda zai bi shi da bashi. Wanda bulalar ke sauka a kansa shi ne yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ya baro garinsu, ya kama ɗaki ɗaya a Bauchi, yana jiran albashi da alawus na wasa da ragowar kuɗin sa hannu. Ranar da kuɗi suka maƙale ba ya zuwa gidan gwamnati, kasuwa yake zuwa, ya tsaya gaban mai shinkafa ya ce a auna masa mudu biyu a rubuta, in an biya zai kawo. Mai shinkafar ya buɗe littafin bashi ya rubuta, sannan da yamma ya zauna cikin masu dariyar ƙungiyar da ba ta iya biyan 'yan wasanta ba, bai lura cewa wani ɓangare na kuɗin da aka riƙe nasa ba ne. Haka mai Keke Napep da ke jigilar 'yan kallo zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, da mai rake da mai ruwan leda a bakin ƙofa, da masaukan da baƙin ƙungiyoyi ke kwana. A Ingila, ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya ana ci gaba da ba ta wani kaso na kuɗin talabijin har zuwa shekara uku don kada ta wargaje. A nan ba wannan. An faɗi, an faɗi. Sai abin da ma'aikatar kuɗi ta ga dama.

To, a duba jerin waɗanda suka faɗi, a ga ko akwai mai bakin dariya. A 2021 Jigawa Golden Stars da Adamawa United suka tafi. A 2022 Kano Pillars, mai kofin gasar har huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗi tare da Katsina United. A 2023, kakar da aka gajarta aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu kowace ta buga wasa 18, uku daga cikin huɗun da suka faɗi na Arewa ne: Wikki da El-Kanemi da Nasarawa United. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 2024, Gombe United da Doma United suka faɗi tare, Jihar Gombe ta wayi gari ba ta da ko ɗaya a sama. Duk wanda ya yi wa Bauchi dariya daga Gombe a 2023, kaka ɗaya aka ba shi ya more ta. Labarin 2022 ma ya fi ciwo in aka tsaya a kansa. A watan Afrilun shekarar aka farfasa motar Katsina United a Kano bayan wasan da suka yi da Pillars, hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kuma zaftare mata maki uku. Da kaka ta ƙare, mai motar da waɗanda aka hukunta saboda motar duk suka sauka tare. Maƙwabta biyu suka shagala da juna, gurabensu suka tafi hannun wasu. Idan ƙungiyoyin yanki guda suna faɗuwa bi da bi shekara huɗu a jere, ba za a ce kowace sakacinta ne kaɗai ya kayar da ita ba. Ciwo ɗaya ne yake zagayawa, kuma sunansa dogaro da baitulmali ɗaya da ke buɗewa da rufewa bisa yanayin siyasa.

Akwai kuma lissafin hanya, wanda magoya baya ba su cika yi ba. Daga Gombe ko Jos zuwa Bauchi tafiyar 'yan awoyi ce, a je a buga a kwana gida in an so. Duk ƙungiyar Arewa da ta fita daga gasar, mai yiwuwa ne wadda za ta maye gurbinta a jadawali tana Fatakwal ko Uyo ko Ikenne, wato kwana biyu a mota, kuɗin mai, kuɗin masauki, ga gajiya ga hatsari. Wikki kanta ta san wannan. A watan Fabrairun 2021 motar 'yan wasanta ta kama da wuta a Hawan Kibo suna kan hanyar Uyo don wasa da Dakkada. Allah ya tsare rayuka, kaya suka ƙone. Bakanon da ke murnar faɗuwar Wikki, murna yake yi an ƙara wa Pillars nisan tafiya.

Hujja mafi nauyi da masu wannan ra'ayi ke da ita ita ce ta kuɗin jama'a, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa jihar da ke da asibitoci masu neman magani da makarantu masu neman rufi da 'yan fansho masu jiran haƙƙinsu, da wane dalili za ta riƙa zuba miliyoyi a ƙungiyar da ba ta kawo riba, balle wadda ta faɗi? Da a ce da gaske ake yin wannan tambaya da na girmama ta. Amma mai yin ta a kan Wikki ba ya yin ta a kan Pillars ko Plateau United, alhali duk daga irin wannan aljihu suke ci. Ƙa'idar da ba ta tashi aiki sai ranar da maƙwabci ya faɗi ba ƙa'ida ba ce, adawa ce ta sa rigar hankali. Sannan su faɗa mana, in an rufe, wa zai buɗe wata? Sukan ce 'yan kasuwa za su shigo. Tarihin ƙungiyoyin masu zaman kansu a ƙasar nan bai ba da wannan tabbaci ba. Abiola Babes, wadda shi kansa Muda Lawal, wanda ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1980, ya taɓa buga wa wasa, ta tafi da mai ita ya janye hannu. Leventis United ta tafi. BCC Lions ta Gboko, wadda ta ɗauko kofin nahiyar Afirka a 1990, ta durƙushe tare da kamfanin simintin da ke riƙe da ita. An kori Giwa FC ta Jos daga gasar a 2016. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dattawa ke tuna sunanta. Gaskiya ne Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta zama zakara a 2025, amma sai da ta yi shekaru tana hawa tana faɗuwa, tana gina filinta da makarantar horar da yara a Ikenne. Wannan hujja ce ta haƙuri da ƙungiyar da ta faɗi, ba ta binne ta ba.

Kuma abin da ake cewa a binne ba ƙaramin abu ba ne. Wikki ce ta kawo wa Bauchi Kofin Ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti. A 2016, ƙarƙashin koci Abdu Maikaba, ta ƙare ta uku a gasar, ɗan wasanta Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo da 18, ta samu tikitin gasar Afirka ta 2017. Ba ta yi nisa ba, ƙungiyar sojojin Saliyo ta fitar da ita a zagayen farko, amma yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a Bauchi ko Azare ko Misau ya ga tsani da idonsa. Idan aka cire ƙungiyar jiha, tsanin ya rasa matakinsa na tsakiya, sai wanda ke da kuɗin mota zuwa Legas ko ubangida a wata jiha.

Wasu za su ce ai faɗuwa darasi ce, kuma gasa ba ta yiwuwa sai da wanda zai faɗi. Haka ne. Ban ce a soke faɗuwa ba, ban kuma ce a saya wa kowa gurbi ta bayan fage ba. Wannan ma wata cuta ce. Abin da nake cewa shi ne faɗuwa hukuncin fili ce, ba ta ba kowa lasisin riƙe haƙƙin ma'aikaci. El-Kanemi da ta faɗi tare da Wikki a 2023 ta ci kofin Federation a 2024 tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors, ta kuma koma sama a shekarar. Bayelsa United ma ta ci kofin a 2021 tana rukuni na biyu. Faɗuwa ba ta kashe ƙungiya. Abin da ke kashe ta shi ne a juya mata baya a lokacin da ta faɗi, kuma dariyar jama'a ita ke ba masu riƙe da kuɗin damar juya bayan ba kunya. Jami'in da ya san cewa in labarin rashin albashi ya fita abin raha zai zama a gari, ba abin tambaya ba, me zai sa ya yi gaggawa?

Su kuwa 'yan gidan kallo, da ke ganin ƙwallon gida bai kai su tsaya ba, ya kamata su fi kowa sanin wannan, tunda tarihin Turai a bakinsu yake. A 2003 Bayern Munich ta je Hamburg ta buga wasan tara kuɗi don ceto St. Pauli, ƙungiyar da magoya bayanta ba su taɓa ɓoye ƙin Bayern ba. Ita dai Bayern ta ranta wa Borussia Dortmund Yuro miliyan 2 lokacin da bashi ya kusa kifar da ita, kuma Dortmund ɗin ce ta dawo ta ƙwace mata gasar Jamus a 2011 da 2012. Ba tausayi kaɗai ya sa Bayern yin haka ba, ta san gasar da ba abokin hamayya ba mai saye. A Scotland, da Rangers ta ruguje a 2012 ta koma rukuni na huɗu, magoya bayan Celtic sun yi biki, sannan suka yi kaka huɗu suna cin kofin da kowa ya san mai shi tun kafin a fara, ba tare da wasan da ya fi kowane cika fili a gasar ba.

Abin da ya kamata magoya bayan Pillars da Gombe United da Plateau United su yi da labarin ƙungiyar da ta faɗi ta shiga matsi shi ne su ɗauke shi a matsayin nasu, don 'yan wasan nan yawo suke tsakanin ƙungiyoyin. Wanda aka riƙe wa albashi a nan bana, shi za a saya a can baɗi, da bashinsa da karyayyar zuciyarsa. Ƙungiyoyin magoya baya suna da shugabanni, suna da bakin magana a gidajen rediyo, kuma 'yan siyasa na jin tsoronsu lokacin zaɓe. Za su iya matsa wa hukumar gasa ta hana duk ƙungiyar da 'yan wasa ke bi bashi yin rajistar sabbi sai ta biya, a sama take ko a ƙasa. Za su iya neman majalisun dokokin jihohi su sa a bayyana lissafin kowace kaka a fili: nawa aka ware a kasafin kuɗi, nawa aka saki, nawa ya tafi tafiye-tafiyen jami'ai, nawa ya shiga asusun 'yan wasa, da kuma a wane wata.