Ba Ƙarfin Ƙafa Ke Kai Mutum Ƙololuwar Kilimanjaro Ba

Dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya shi ne mafi tsawo a nahiyar Afirka, mita 5,895 daga doron teku. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne suka fara taka ƙololuwarsa a shekarar 1889. Yanzu dubban mutane ke hawansa kowace shekara, domin manyan hanyoyinsa ba su bukatar igiya, tafiyar ƙafa ce kawai. Wannan sauƙin ne ke yaudarar samari. Sai matashi ya yi wata uku yana guje-guje da ɗaga ƙarfe, ya ɗauka ya gama shiri, alhali bai ko taɓa ainihin matsalar ba.

Matsalar ita ce iska. Ana yawan cewa iskar oksijin tana ƙarewa a kan dutse, amma maganar tana bukatar gyara. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska, ko a bakin teku ko a ƙololuwa. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar. A kan Kilimanjaro matsin ya kusa rabin na bakin teku, saboda haka kowane numfashi yana shigar da kusan rabin oksijin da huhu ya saba samu. Jiki yana da dabarunsa, sai dai kowace da lokacinta. Nan take numfashi da bugun zuciya su ƙaru. Yawan numfashin yana fitar da iskar kabon da yawa, tsamin jini ya ragu, ƙwaƙwalwa ta riƙa taka wa numfashi birki. Ƙoda ce ke warware wannan ta hanyar fitsari, aikin da ke cin kwanaki. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini kuwa, wanda sinadarin da ƙoda ke fitarwa yake umartar ɓargo ya yi, sai bayan makonni. Babu atisayen da ke gajarta waɗannan kwanaki. Hasali ma ƙaƙƙarfan saurayi yakan fi dattijo shiga haɗari, don yana iya yin sauri, saurin kuma shi ne cutar.

Daga wajen mita 2,500 ciwon tsauni yake fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kowannensu kuma yana kisa cikin ɗan lokaci. Shawarar likitoci ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta yini guda bayan kwana uku ko huɗu. Yawancin tafiye-tafiyen Kilimanjaro sun fi wannan sauri. Hanyar Marangu ana iya gama ta cikin kwana biyar, ta Lemosho kuwa bakwai ko takwas. Gajeriyar ta fi araha, shi ya sa mai ƙaramin guzuri ke zaɓenta, kuma nan ne kuskuren yake. Wanda kuɗinsa ba su kai na kwana bakwai ba gara ya jira baɗi. Masu ja-gora, waɗanda doka ta wajabta a tafi da su, ba su gajiya da faɗin “pole pole”, wato sannu sannu da harshen Suwahili. Ba ladabi suke yi wa baƙo ba, ilmin halittar jiki ne a taƙaice.

Akwai shiri guda da ya shafi ɗan Nijeriya fiye da Bature, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba: sanin rukunin jini. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da jinin AS, wato ya gāji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa, yana zaune lafiya ƙalau, wani ma bai sani ba. Amma idan oksijin ya yi ƙaranci, wasu ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyin saifa. A shekarar 2007 Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka mai jinin AS, ya yi wasa a birnin Denver, wanda tsayinsa kimanin mita 1,600 ne kacal, ya kwanta ciwo har aka cire masa saifa. Masu AS da dama sukan hau tsaunuka su sauko lafiya, amma dole mutum ya yi gwaji, ya ga likita, ya kuma san cewa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu dalili ne na sauka. Mai jinin SS kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce.

Sai sanyi. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita dubu, kuma ana kama hanyar ƙololuwa da tsakar dare, lokacin da ruwan gora ke daskarewa. Tufafin auduga suna shan gumi su riƙe shi, su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Na ulu, riga bisa riga, sun fi. A sha ruwa a kai a kai ko ba a jin ƙishi, a ci abinci ko ba a so. Takalmi kuma a yi makonni ana tafiya da shi da kaya a baya, kada a fara sa shi a gindin dutse.

Tun a garin Moshi, kafin a taka dutsen, ya kamata ayari ya tsayar da shawarar wanda zai ba da umarnin juyawa, domin ƙarancin oksijin yana fara ɓata tunani ne, mai ciwo yakan rantse lafiyarsa lau. Gwajin mai sauƙi ne. A ja layi a ƙasa a ce ya bi, diddige na taɓa yatsu. In ya yi tangaɗi, ko yana haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.