A Kai Gidan Tarihi Wurno

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na faɗe ta, ko da za ta ɓata wa waɗansu rai. Maganar ita ce ta gine-ginen kakanninmu, da yadda muka bar saninsu yana mutuwa a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, alhali kuwa muna da gidajen tarihi, da ma'aikatan da aka ɗauka musamman don su koya wa jama'a irin wannan ilmi.

Aikin gidan tarihi kashi biyu ne. Na farko ajiya, na biyu koyarwa. Turawa sun daɗe da gane haka. A birnin Landan akwai wani babban gidan ajiye kayan fasaha, wanda yanzu ake kira da sunan Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat. Tun shekarar 1858 aka sa masa fitilu, aka riƙa buɗe shi da dare, domin leburori da masu sana'a su samu shiga bayan sun tashi aiki. A Faransa kuma, tun 1984, kowace shekara cikin watan Satumba ana buɗe tsofaffin gine-gine, kowa ya shiga, a zaga da shi ana yi masa bayani.

Mu ma ba a bar mu hannu sake ba. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, inda ake adana littattafai da kayan dā. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka sa magina suka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, bisa ga awon da wani Bature mutumin ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya yi tare da yaransa. Madalla da wannan aiki. Amma ina tambaya, manomin albasa na Goronyo yaushe zai je Jos? Takobi da sulke ana ɗauka a kai birni a sa a akwatin gilashi. Soro fa? Gini yana nan inda aka kafa shi, wanda duk yake son ya koyar da tarihinsa tilas ya tafi gindinsa. Lacca da Turanci a babban birni, ga 'yan boko talatin suna gyangyaɗi ƙarƙashin fanka, ba ta tsai da katangar kowa ba.

To, ga Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta wajen ƙarshen shekarun 1820, ta zama ribaɗi, watau gari mai ganuwa da ake zama a bakin daga don tsaron ƙasa. Ya zaɓi tudu a bisa fadamar Gulbin Rima, inda ake hango mai zuwa daga nesa, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma. A nan ya rasu a 1837, hubbarensa kuma yana nan. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya zauna, a zamaninsa ne kuwa Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin a 1853, har ya zana taswirarsa a littafinsa. Ashe baƙo ya auna garinmu ya rubuta, mu masu gari muna zaune?

Kada kowa ya ce gini ƙaramin abu ne da malamai ba su kula da shi ba. Shi Bello, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa hakkin sarki ne ya raya masu sana'a, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Har wa yau, Bature Kilafatan, da ya zo Sakkwato a 1824, ya tarad da ana gina masallaci, babban maginin kuwa mutumin Zazzau ne. Ya ce masa ubansa ya je Masar ya koyo gini, da zai rasu ya bar masa takardunsa. Ku lura da wannan. Shekara 200 da suka wuce, maginin Hausa yana aiki da takarda a hannu.

Ilmin kuwa mai zurfi ne. Magini ya san ƙasar da ta dace, ya san kwanakin da za a bar ta da ciyawa a ciki ta tsima kafin a mulmula tubali. Ya san a fara katanga da kauri a ƙasa, tana hawa tana sirancewa. Ya san azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba, ya san ba ta ɗaukar rufin ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai an ɗaura bakan gizo. Ya san makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara, don ruwa ya zame ya bi indararo. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Duk wannan yana cikin kan tsofaffi. Ran da aka kai ɗayansu makwanci, an rufe littafi guda ke nan wanda babu kwafinsa.

Na san abin da masu gardama za su ce. Na farko zai ce ginin ƙasa alamar talauci ne, zamani ya zo da bulo da kwano. Ni ban hana kowa siminti ba. Amma ya shiga ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu, sa'an nan ya shiga soron ƙasa, ya dawo mu yi magana, gani ya kori ji. Ya kuma tsallaka iyaka zuwa Yama, a ƙasar Tawa ta Nijar, inda wani magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, har ya sami lambar girma ta Aga Khan a 1986. Masana na duniya sun yi masa tafi, mu muna jin kunyar sana'arsa.

Na biyu zai ce ƙasa ba ta jure ruwa, ya tuna mana ambaliyar 2010, da Gulbin Rima ya cinye ƙauyuka a ƙasar Goronyo. Gaskiya ne, gidaje da yawa sun zube, Allah ya kiyaye gaba. Amma wannan hujja tawa ce. Me ya sa Bello ya hau tudu? Sanin inda ake kafa gida, da inda ruwa yake bi, da yadda ake ɗaga tushe, shi ne darasi na farko na tarihin gini. Madatsar Goronyo, da aka gama a 1984, ta sauya halin gulbi, saboda haka bukatar wannan darasi ƙaruwa ta yi. Game da yaɓe kuwa, mutanen Jenne a ƙasar Mali suna fita gaba ɗaya kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, wanda aka gina a 1907, yana nan tsaye.

Na uku zai ce wannan girmama kango ne, yana tsoron bidi'a. Malam, Allah ya gafarta maka, ba wanda ya ce a roƙi katanga. Sana'a muke so a koya, kamar yadda ake koyon ƙira da saƙa.

Ga abin da nake roƙo. Ma'aikatan gidajen tarihi su fito daga ofis, sau ɗaya a shekara da rani bayan an gama girbi, su kwana uku a Wurno, uku a Rabah, uku a Goronyo. A nemi izinin hakimi, a yi shela ran kasuwa. Bayani duk da Hausa. A ba Sarkin Magina da tsofaffin magina shimfiɗar malamai, a kuma biya su ladan da ake biyan mai digiri. A zaga gari da ƙafa, a nuna inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke. 'Yan makaranta su kwaɓa ƙasa su mulmula tubali da hannunsu. A ware wa mata ranarsu, gama su ne gwanayen daɓe da adon ɗaki. A Rabah, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, a nuna wa yara irin zaure da shigifa da rufewar da mutanen zamaninsa suka tashi a ciki. Kuma kafin a rushe wani tsohon masallaci da sunan gyara, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan wanda ya gina shi.

Saura kai mai karatu. Ka sha wahala da girmanka ka koyi karatu da rubutu, to, ga aikin da za ka yi da su, ba sai ka jira hukuma ba. Sayi littafin rubutu, ka je wurin tsohon maginin unguwarku, ka gaishe shi da goro. Tambaye shi wa ya koya masa, ina ake haƙo ƙasa mai kyau, wane soro ne ya fi tsufa a garin, wa ya gina shi, zamanin wane hakimi. Rubuta duk yadda ya faɗa, ka sa kwanan wata, ka karanta masa ya gyara, ka kai wa shugaban makarantar garinku kwafi ɗaya. Ba a fafe gora ran tafiya, tsofaffin nan kuwa sun riga sun ɗaura kaya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka gina mana, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, amin.