Daga fagen fama zuwa bakin Gulbi: asalin motar kat-kat

Duk wanda ya taɓa ɗaukar gero daga ƙauyukan Gabi ko Safo cikin damina, lokacin da Gulbin Maraɗi ya cika, ya san ba kowace mota ce ke isa Madarunfa ba. Wadda ke ratsa rairayi da taɓo ita ce kat-kat, mai ja da ƙafafu huɗu duka. To, ba don fatauci aka ƙirƙiro ta ba.

A shekarar 1940, ana cikin yaƙin duniya na biyu, rundunar sojan Amurka ta nemi ƙaramar mota marar nauyi, mai bin inda babu hanya, wadda soja zai iya gyarawa a daji. Kamfanonin Willys da Ford suka ƙera Jeep sama da 600,000 kafin ƙarshen 1945. Da yaƙi ya ƙare, Willys ya kwaɓe mata kayan soja ya sayar wa manoma.

Irin wannan Jeep ce Maurice Wilks, injiniyan kamfanin Rover na Ingila, yake aiki da ita a gonarsa. A kan ƙashinta aka gwada Land Rover ta farko, aka nuna wa duniya samfurin a Amsterdam cikin 1948. Ƙarfe ya yi ƙaranci bayan yaƙi, sai aka yi jikinta da alminiyom. Wannan rashi ya zama alheri: jikin ba ya tsatsa, shi ya sa motar da supurefe ya yi rangadi da ita, bayan gwanjo, takan ƙara shekaru tana jigilar buhuna da ƴan kasuwa. Bakanike mai sifana da guduma ya ishe ta.

Japan ma ta bi sahu. Toyota ya fito da tasa a 1951 don dakarun tsaron ƙasar, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Ita ce daga baya ta ƙwace wa Land Rover kasuwa a Sahel, har ta koma gidan jiya: a 1987 sojojin Cadi suka ɗora mata bindigogi suka fatattaki tankokin Libiya.

A 2016 aka daina ƙera tsohuwar Land Rover. Sababbin kat-kat na alfarma kwamfuta ke sarrafa injinsu, in sun lalace a hanyar Ɗan Isa sai a janyo su zuwa Maraɗi. Ɗan kasuwa ko ma'aikatar da ke shirin saye, ya kamata su fara tambayar wanda zai gyara, kafin su tambayi kuɗi.