Abin da muke sa kunnen kare da shi, wasu abinci suke ci da shi

 Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Ranar da na fara kwana a makaranta a nan ƙasar Yarbawa, magariba ta yi ban san inda gabas take ba. Hadari ya rufe sama, ban san kowa ba, kunyar tambaya kuma ta kama ni. Sai na buɗe wata manhajar nuna alƙibla, irin wadda za ka ɗaga waya kyamara ta nuna maka ɗakinka, sannan kibiya ta bayyana kamar an zana ta a jikin bango. Na bi kibiyar nan kwana uku cur. A rana ta huɗu wani yayanmu ɗan Gusau da ke ajin ƙarshe ya leƙo, ya tarar na shimfiɗa darduma, ya ce, "Kai ƙane, wa ya ce maka can ne? Ai kudu ka kusa fuskanta." Na nuna masa waya da ƙarfin gwiwata. Ya yi dariya, ya ja ni tsakiyar fili, ya ce in juya wayar a iska kamar ina rubuta lamba 8. Wallahi kibiya ta koma wani wuri daban. Ashe duk kwanakin nan a jikin gadon ƙarfe mai hawa biyu nake tsayawa, ƙarfen ya ruɗa kamfas ɗin wayar. Maganar sallolin na kai wa malamai, wannan ba fagena ba ne. Amma tun ranar na ce sai na san yadda abin nan yake aiki.

Sunan fasahar AR a taƙaice, wato ɗora hoton kwamfuta a kan zahirin abin da ido ke gani. Ta bambanta da VR, wadda ake rufe maka ido da na'ura a kai ka wata duniya. A AR ɗakinka yana nan, tabarmarka tana nan, ƙari kawai ake yi a kai. Duk wanda ya taɓa sa furanni ko kunnen kare a Snapchat ya yi amfani da ita. Duk wanda ya kalli ƙwallo a gidan kallo ya ga an ja layin satar gida a kan ciyawa, alhali babu fenti a filin, shi ma ya gan ta.

Yadda take aiki bai kai wuyar da muke zato ba. Waya tana da ido, wato kyamara. Tana da na'urar da ke jin motsi, da jairoskof mai jin juyawa, da kamfas mai bin maganaɗisun ƙasa, ga kuma GPS. Idan ka ɗaga waya, manhaja tana duba hoton da ke shigowa ta tsinci wuraren da suka fita daban: kusurwar tebur, zanen darduma, tsagar bango. Kana matsawa tana lura da yadda ɗigon nan suke sauya wuri daga hoto zuwa hoto, ta haɗa da abin da na'urorin motsi suka gaya mata. Da haka take lissafa inda wayar take, tana kuma zana taswirar ɗakin a lokaci guda. Masana suna kiran wannan dabara SLAM. Da zarar ta gane nan ƙasa ce, nan saman tebur ne, sai ta ajiye hoton a wurin, tana sake zana shi sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa daidai da inda ka tsaya. Shi ya sa za ka zagaya kujerar da babu ita, ka ga bayanta.

Na fuska ma haka ne. Tsarin ARCore na Google yana shimfiɗa wa fuska wata raga mai ɗigo 468, ya san ina hanci, ina leɓe, shi ya sa kunnen karen ke binka duk inda ka juya.

Wanda ya gane wannan ya gane inda take faɗuwa. Farin bango sumul ba shi da ɗigon da za a kama. Idan aka ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, kyamara ta makance. Tayil mai sheƙi yana yaudararta. Ƙarfe da lasifika suna karkatar da kamfas, kamar yadda ya faru da ni. Daga yankin Ibadan alƙibla tana wajen digiri 64 ne daga arewa idan ka nufi gabas, lissafin manhajar daidai ne, arewar ce wayata ta ɓatar.

Kada kuma ku ɗauka abin jiya ne. Tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa wata na'urar sawa a kai a Amurka, wadda aka rataye a rufin ɗaki. Sunan kansa ya fito ne wajen 1990 daga Tom Caudell, injiniya a kamfanin jiragen sama na Boeing, da ke neman hanyar nuna wa ma'aikata inda za su bi da wayoyin lantarki ba tare da sun riƙa duba takarda ba. Ku lura, a wurin aiki aka haife ta. Wasa daga baya ya zo, da Pokémon Go a 2016. Apple ya fitar da ARKit a 2017, Google ya biyo da ARCore a 2018, abin ya shigo aljihun kowa.

To ga inda nake son zuwa. Zangon da ya wuce na zauna kallon 'yan ajin ƙarshe suna kare aikin bincikensu. Wata ɗaliba ta ajiye takarda mai zanen injin mota a kan tebur, ta haska ta da waya, sai ga injin ya tashi yana juyawa, ana buɗe shi gunduwa-gunduwa. Ita ta haɗa da kanta, da tsohuwar kwamfuta. Na waiga ɗakin, mu 'yan Arewa ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma da yamma da muka haɗu cin tuwo a Sabo, hirar da aka yi a kan abin ita ce wace tacewar hoto ce ta fi sa mutum fari. Raina ya sosu, kuma har da kaina nake.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za mu tashi daga layin masu latsawa mu koma layin masu ginawa, domin matsalolin da fasahar nan za ta warware suna gidajenmu. Kamfanin IKEA tun 2017 yake bari mutum ya ga kujera a falonsa kafin ya saya. Gida nawa kuka sani da aka yi rigima ranar jere saboda gado ya ƙi shiga ɗakin amarya? Kafinta a Kano ko Gusau da zai iya nuna wa uwar amarya gadon a cikin ɗakin tun bai yanka katako ba, ya wuce sa'o'insa. Tela zai iya nuna maka aikin wuya a jikin shadda kafin allura ta taɓa ta. Ɗalibin tarihi zai iya tsayawa inda ganuwar Kano ta zaizaye ya ɗaga waya yaro ya ga tsayinta na da. Ɗaliban likitanci a jami'ar Case Western Reserve ta Amurka suna koyon sassan jikin mutum da tabaran HoloLens. Wani a Legas ko Kalifoniya ba zai zauna ya yi tunanin jere ko hular zanna ba. Idan ba mu yi ba, babu mai yi mana.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, mu da muke fama da kuɗin makaranta da garin kwaki?" Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan ba. Ba kowace waya ke ɗaukar ARCore ba, masu araha da yawa ba su da jairoskof. Tana shan batir, tana zafafa waya, saukar da kayan aikin kuma yana cin data. Sai dai Blender, da ake ƙera siffofi da shi, kyauta ne. Unity yana da tsarin kyauta ga mai koyo. Lens Studio na Snapchat kyauta ne. Mutum biyar za su iya haɗuwa a kan kwamfuta ɗaya da waya ɗaya, kamar yadda muke haɗa kuɗin tukunya. Shawara ɗaya: ku koyi tushen abin, lissafin siffofi da rubuta manhaja, kada ku rataya a wuyan kamfani guda. Meta ya rufe dandalinsa na Spark a Janairun 2025, waɗanda shi kaɗai suka iya suka wayi gari hannu rabbana.

Sai gargaɗi, musamman ga 'yan uwa mata. Manhajar AR ba ta aiki sai ka ba ta izinin kyamara, wato ka buɗe mata ɗakinka da fuskarka da ta duk wanda ke kusa. Kafin ki ɗaga waya a ɗakin kwana, duba ko wata na zaune babu mayafi. Manhajar da ba ki san mai ita ba, kada ki ba ta ido.

Ni dai na fara. Wata biyu ke nan ina fama, abin da na iya haɗawa zuwa yanzu hula ce guda ɗaya, ita ma idan na juya da sauri sai ta koma kan kunne. Abokan ɗakina sun sha dariya, amma jiya ɗayansu ya ce in koya masa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a harabar masallacin makaranta, duk mai sha'awa ya zo, ko ba shi da kwamfuta. Waɗanda ke wasu makarantu ku faɗa mana a ƙasa me za ku gina da kun iya. Kuma don Allah, mai duba alƙibla da waya ya matsa daga jikin gado.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya mai da mu gida lafiya.