Tsohuwar Land Rover da albashin malami: lissafin da ya kamata a yi kafin a sa hannu

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu malaman Damargu, daga Gangara zuwa Tanut har Balbeji. Duk inda aka haɗu, ko wajen taron ƙara wa juna sani ko a layin karɓar albashi, sai an taɓo ta: yaushe ne mutum zai ajiye babur ya koma mota? Kwanan nan zancen ya ɗauki sabon salo, domin wasu daga cikinmu sun ɗora ido a kan tsohuwar Land Rover ta Ingila, wadda dattawa ke kira Landiroba. Suna cewa ita ce maganin rairayinmu, kuma wai a Turai kuɗinta hawa yake kullum, saboda haka wanda ya saya bai yi asara ba ko da ta fi ƙaramar mota tsada. Ni dai ra'ayina shi ne, ga malamin da albashi kaɗai ke riƙe da gidansa, wannan ciniki bai cancanci bashin da za a ci dominsa ba.

Bari in fara da ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu. Wanda bai zauna a karkara ba zai ɗauka son nuna isa ne kawai ke sa malami sha'awar mota, alhali akwai buƙata ta gaskiya. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas, sauran tafiyarka rairayi ne da kwari. Ƙaramar mota mai jan taya biyu nan take za ta kafe. Babur yana wucewa, amma babur ba ya ɗaukar mace mai naƙuda da tsakar dare, ba ya ɗaukar iyali da kayansu ranar da aka yi wa mutum canjin wurin aiki, kuma duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda bayansa ke yi bayan tafiyar kilomita hamsin a kansa. Ita kuwa Land Rover tana jan taya huɗu, tana da tsawo daga ƙasa, injinta ba shi da kwamfutar da za ta rikita bakanike. Mu da muka tashi muna ganin manyan ma'aikata da masu rigakafi da ƴan agaji suna shigowa garuruwanmu a cikinta, tana da wata martaba a idonmu. Idan aka ce da tsohuwar zuma ake magani, ba a yi ƙarya ba.

To, amma mu duba inda labarin hawan kuɗin ya samo asali. An fara nuna Land Rover a birnin Amsterdam a shekarar 1948. An yi jikinta da alminiyum saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Samfurin da ake kira Series III an ƙera shi daga 1971 zuwa 1985, sunan Defender kuma ya zo a 1990. A watan Janairun 2016 masana'antar Solihull ta fitar da ta ƙarshe a wannan tsohon zubi, bayan an ƙera fiye da miliyan biyu. Da aka daina yinta sai masu tara tsofaffin motoci suka yi mata caa, kamar yadda suka daɗe suna yi wa motocin ƙawa na Ingila irin su Jaguar E-Type da ta fito a 1961, da MGB da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980. A Amurka ma doka ta sauƙaƙa shigo da motar da ta kai shekara 25, wannan ya ƙara wa tsofaffin kasuwa.

Sai dai wa ke sayen irin waɗannan motoci a can? Mutum ne mai wata motar ta zuwa aiki, wani ma biyu. Tsohuwar tana kulle a ɗaki, a lulluɓe, ba ta fita sai ranar hutu idan gari ya yi kyau. Idan wani abu ya lalace, zai yi oda ta intanet a kawo masa har ƙofar gida cikin ƴan kwanaki. Idan ta yi wata uku a wurin gyara, ba abin da ya tsaya a rayuwarsa. Muhawarar da suke yi a tsakaninsu, ko ya dace a sayar da MGB a ƙara kuɗi a sayi Jaguar, muhawara ce ta wanda ya ƙoshi yana zaɓen abin da zai yi nishaɗi da shi. Kuma wadda ke tsada a wurinsu ita ce mai cikakkun takardu, wadda aka san tarihin gyaranta, wadda kayan jikinta na asali ne. Wadda za a sayar maka a Damagaram ko Agadas ta yi shekara talatin ko arba'in tana dakon buhuna da awaki, an yi mata walda ba adadi, wata ma injin da ke cikinta na wata motar ne. Babu baturen da zai zo Gangara neman ta. Ranar da ka tashi sayarwa, mai saye ɗan kasuwar ƙauye ne da zai duba taya da inji ya taya da abin da ya ga dama.

Yanzu mu ɗauki alli mu hau allo, tunda aikinmu ke nan. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499, dizal kuma zuwa 618. Tsohuwar Land Rover mai injin fetur tana shan wajen lita 15 a kilomita ɗari a kan kwalta, a rairayi kuwa ta fi haka. Babur ɗinmu na yau da kullum bai cika wuce lita 3 ba. Tsakanin Tanut da Damagaram kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Motar za ta sha lita 45, wato sefa 22,455. Babur zai sha lita 9, wato sefa 4,491. Tafiya guda ke nan, kuma da farashin gidan mai. Mu da ke nesa da gidan mai, a hannun ƴan ruwa-ruwa muke saye a kwalba, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 arahar da muka saba da ita ta tafi. Ko matatar SORAZ da ke nan kusa da mu a kan hanyar Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ba ta hana layin mai da aka sha a ƙasar nan a watan Maris na 2025 ba. Ranar da mai ya yi wuya, mai babur yana samun lita biyu ya isa makaranta, mai mota kuwa sai ya jingine ta.

Sai kuɗin saye. Mu ƙaddara an yi maka ita miliyan biyu da rabi. Idan banki ya ba ka bashi na shekara huɗu, za a riƙa cire fiye da jika 52 kowane wata, kafin a ɗora kuɗin ruwa. Malamin kwantaragi na firamare da ke karɓar jika 75, wannan kuɗi albashinsa ne na fiye da wata 33, bai ci ba bai sha ba. Wanda aka ɗauka cikakken ma'aikaci ya fi shi sarari, amma shi ma ya lissafa abin da zai rage bayan an cire bashi, an sayi mai, an biya inshora da takardun shekara, sannan a zo kan taya huɗu da batir. Kuma banki ba ya jiran albashin da ya yi jinkiri ya shigo kafin ya fara ƙirga kwanakinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan gyara. Waɗannan motoci an san su da yoyon baƙin mai, da matsalar wayoyin wuta, da karyewar sandar da ke juya tayar baya idan aka matsa musu a rairayi da kaya. Duk wannan ana gyarawa idan akwai kayan. Amma ka zaga garejojin Damagaram ka ƙirga Toyota nawa ne, Land Rover nawa ne. Ba a banza direbobin Agadas da masu jigilar kasuwannin ƙauye suka koma Land Cruiser da Hilux ba, sun bi motar da kayanta ke kusa ne. Ko Peugeot 504, da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna a baya, ta fi Land Rover sauƙin samun kaya a ƙasar Hausa. Abin da ya lalace a tsohuwar motar Ingila sau da yawa sai an aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a jira, a kawo, wani lokaci a tarar bai yi daidai ba. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kuma, kayan da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso, tsada da jinkiri suka ƙaru. Na san abokin aiki a wani gari da motarsa ta yi zango guda na karatu a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta, shi kuma yana biyan banki yana kuma biyan ɗan kabu-kabu.

Akwai kuma abin da masu wannan shawara ba su cika lura da shi ba. Lokacin da hanyoyinmu suka fi lalacewa, wato Yuli zuwa Satumba da ruwa ke cika kwari, makarantu suna hutu. Daga Oktoba zuwa Yuni, watannin da muke aiki, babur yana kai mu ko'ina. Ke nan za a ɗauki nauyin wata goma sha biyu saboda buƙatar da ba ta wuce sau biyar ko shida a shekara ba. Ko da shatar mota mutum ya yi a duk waɗannan lokuta, abin da zai kashe bai kai kuɗin bashin wata uku ba.

Me ya sa na kawo wannan magana gaban iyaye? Domin idan malami ya shiga ƙunci, aji ne ke fara ji a jikinsa. Malamin da bashi ya shaƙe shi ne zai rufe aji ranar kasuwa ya tafi jigilar fasinja don ya samu na mai. Shi ne za a ga ya yi kwana uku a Tanut yana gadin mota a gareji, yara sittin suna zaune ba mai koya musu. A gidansa kuma, kuɗin da za a kai ƴarsa kwaleji a birni, a biya mata masauki da littattafai, shi ne ya tafi wajen lagireto. Mu ma iyaye muna da hannu a ciki. Mu ne ke tashi tsaye mu gaida wanda ya sauko daga mota, mu bar wanda ya zo a babur da ƙura a gemu yana neman wurin zama. Yaran da muke tarbiyya suna kallo, suna koyon abin da ake girmama mutum dominsa.

Idan buƙatar mota ta zama dole, akwai hanyoyin da suka fi wannan. Malamai huɗu ko biyar na yanki ɗaya za su iya yin adashi su sayi mota guda mai jan taya huɗu wadda kayanta ke Damagaram, su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kan mai da gyara da wanda zai tuƙa. Kwamitin iyaye da mai gari za su iya yin magana da mai motar kasuwa tun kafin lalura ta zo, a tsayar da farashin kai mara lafiya asibiti, a ajiye kuɗin a asusu. Wanda kuma yake da ɗan abin hannu, Damargu ƙasar hatsi da kiwo ce. Gero da aka saya da kaka aka ajiye, ko tumakin da aka yi wa turka kafin babbar salla, sun fi ƙarfen da ke tsufa a tsakar gida dawo da kuɗi. Amalanke da sa ma suna aikin gona, suna ɗebo ruwa, kuma ba sa neman lita ko ɗaya.

Wanda duk da haka zuciyarsa ta kafe a kan Land Rover, to ya cika sharuɗɗa kafin ya miƙa kuɗi. Ya saya da abin da ya tara, ba da bashi ba. Kada ya sayar da babur ɗinsa, domin zai buƙace shi. Ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi, a duba ƙarfen ƙasan motar da akwatin giya, a gwada ta a rairayi ba a kwalta kaɗai ba. Ya tabbatar takardun duwan da na mallaka sun dace da lambar da ke jikin motar. Sannan ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin saye ya ajiye don gyaran shekarar farko. Idan ya cika waɗannan kuma kuɗin makarantar ƴaƴansa bai taɓu ba, Allah ya sanya alheri, mu ma za mu roƙi a rage mana hanya. Idan ɗaya ya gagara, ya haƙura tukuna. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fitar da shi, kuma sa hannu a takardar banki bai fi minti ɗaya ba.

Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya kuma raya mana yaranmu.