Darasin Mako: Wa zai biya idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki?

Masu shirin WAEC da NECO a darasin kasuwanci, ku kasa kunne, domin yau za mu rarrabe abubuwa biyu da ɗalibai ke yawan cakuɗawa.

A ce inji ya datse wa wani ma'aikaci yatsu a masana'anta. Wa zai biya kuɗin asibiti? Wa zai ciyar da iyalinsa kafin ya warke?

Hanya ta farko ita ce diyyar ma'aikata. A nan ba a tsayawa neman mai laifi. Muddin raunin ya faru a dalilin aiki, diyya ta wajaba. Jamus ce ta fara kafa wannan tsari a 1884, zamanin Bismarck. A Nijeriya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta maye gurbin ta 1987, kuma hukumar NSITF ce ke kula da asusun. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da rauni, mutuwa, cutar da aiki ya jawo, har da hatsari a hanyar zuwa aiki. Mai aikin wucin gadi da mai koyon sana'a ma suna ciki. Ma'aikaci zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7.

Hanya ta biyu ita ce inshorar alhakin mai ɗaukar aiki. Wannan garkuwa ce ga mai kamfani. Idan ma'aikaci ya kai ƙara kotu, ya tabbatar cewa sakacin kamfani ne ya jawo masa rauni, kamar barin inji babu murfin kariya, kamfanin inshora ne zai biya abin da kotu ta yanke. Birtaniya ta wajabta irin wannan inshora da dokar 1969.

Ku riƙe wannan: ta farko ba ta tambayar laifi, ta biyu sai an nuna sakaci. Ku kuma gaya wa yayyenku da iyayenku masu aiki, don wanda bai san haƙƙinsa ba kan koma gida hannu rabbana.

Tambayar mako: birkila ya faɗo daga bene saboda santsin ruwan sama, babu sakacin kowa. Wace hanya ce za ta taimake shi? Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.